INUWAR BAƘO: Waƙa da Sharhi a kan Son Itatuwa da Furannin Tsakar Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda yake rayar da ƙasa da ruwan sama bayan ta bushe. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, dalilin wannan 'yar waƙa da sharhinta shi ne wata tambaya da wani ɗa daga cikin 'ya'yanmu ya kawo mini. Shi mai rumfar albasa ne a Kasuwar Dakar a nan Duwala, yana kuwa zaune gidan haya a unguwar Hausawa ta New Bell. A ɗan filin da ke ƙofar ɗakinsa, wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ya dasa gwanda da zogale da shuwaka, ya jera gwangwanaye da tsofaffin bokitai ya zuba ƙasa ya sa ɗoɗɗoya da wani fure ja. Da ruwa ya zauna, abin ya yi kyau. In ya komo daga kasuwa da la'asar sakaliya sai ya sa kujera ya zauna yana kallo, yana jin sanyi a ransa. Sai wani abokinsa mai tsananin himma ya zarge shi, ya ce masa kallon fure al'adar Turawa ce da ɓata lokaci, kuma mai neman lahira ba ya ƙawata gidan duniya, balle gidan da ba nasa ba, a ƙasar da ba ta ubansa ba. Maganar ta dame shi har ya yi niyyar tumɓuke su duka. Na ce masa ya dakata, kada ya taɓa ko ganye ɗaya sai mun duba abin da magabata suka bar mana a kan wannan. Ga abin da Allah ya sawwaƙe. In an dace daga gare Shi ne, in an yi kuskure daga gare ni ne.

FASALI NA FARKO

Na gode Allah wanda ya rayar da ƙasa,
Ya sa itace yin tufa a damina.

Tsira da aminci ga Ma'aiki Musɗafa,
Wanda ya dasa dabino can a Madina.

Ya ɗan'uwa ka tambaye ni kan fure,
Shin son sa laifi ne ga mai son Rabbana?

Sharhi: Ka sani, ya ɗana, Allah ya yi maka albarka, abin da yake halal ba ya zama haram don wani ya ƙyamace shi, kuma ba ya zama al'adar wasu mutane su kaɗai don an gan su suna yi. Tun kafin Bature ya taka bakin Kogin Wuri, sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, masu lambuna ne. Abu Ɗalha, Allah ya yarda da shi, ya fi dukkan Ansar dabino a Madina, kuma abin da ya fi so cikin dukiyarsa shi ne lambun da ake ce wa Bairuha, wanda yake fuskantar masallaci. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, haka Buhari da Muslim, cewa Annabi yakan shiga wannan lambu ya sha ruwansa mai daɗi. Ya zo kuma a Buhari cewa ya shiga shingen da rijiyar Aris take, ya zauna a bakinta ya saki ƙafafunsa ciki. Da Salmanul Farisi ya yi yarjejeniyar fansar kansa a kan dashen dabino 300, Annabi da hannunsa mai albarka ya riƙa sa dashen cikin ramukan da aka haƙa. Wannan shi ne abin da baiti na biyu yake nuni gare shi.

Game da ƙanshi kuwa, Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira hani ga mayar da kyautar raihan, saboda ba shi da nauyin ɗauka kuma ƙanshinsa mai daɗi ne. Ɗoɗɗoyar da ke cikin gwangwaninka daga dangin raihan take. A cikin Suratul A'araf akwai zargi ga wanda ya haramta ƙawar da Allah ya fitar domin bayinsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, watau 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa ɗan Adam yana son kore da ruwa mai gudana ko da ba cin ganyen zai yi ba, ba kuma shan ruwan zai yi ba, domin ganin kyakkyawan abu shi kansa daɗi ne da aka halicci zuciya a kansa. Saboda haka asalin abin da kake ji a ranka ba laifi ba ne. Sai dai halal yana da ladubba, kuma yana da ramukan da ake faɗawa. Su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

FASALI NA BIYU

Ido amana ne, ka kai shi makaranta,
Ganye allo ne, sai ka zauna ka tuna.

Sharhi: Watau kallo iri biyu ne. Akwai kallon da yake tsayawa a kan fure, akwai wanda yake wucewa zuwa ga Mai furen. Akuya ma tana ganin ganye, amma ba ta ganin komai cikinsa sai abinci. Ɗan Adam aka umurta, a cikin Suratul An'am, ya dubi 'ya'yan itace sa'ad da suka fito da sa'ad da suka nuna. Umurnin nan na dubawa ne, ba a ambaci ci a wurin ba. Suratun Namli kuma ta tunatar da mu lambuna masu ƙayatarwa, da cewa ba mu da ikon tsirar da itacensu. Kai ka tona rami, ka sa iri, ka kawo ruwa a jarka. Amma wa ya gaya wa saiwa ta nufi ƙasa, toho ya nufi sama, alhali ƙwayar tana cikin duhu ba ta da ido?

Mu da muka zo daga arewa muna da wani darasi da ɗan ƙasar nan ba shi da shi, domin mun ga ƙasa biyu. A Kano ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, yana zuwa ne cikin 'yan watanni, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Kafin ya sauka ana shan bazara, ƙasa ta yi fari fat, dabba ta rame, idanu duk suna gabas ana duban hadari. Ranar da aka yi ruwan farko kuwa, ƙanshin ƙasa kaɗai ya isa ya sa tsoho hawaye. A nan Duwala ruwan shekara yana haura milimita 3,500. Yana farawa tun wajen Maris, ya yi ta ƙaruwa, har a Yuli da Agusta a kwana a wuni ana yi a kan rufin kwano. A tsakanin nan, wajen Mayu da Yuni, mangwaro yana ƙarewa, safu yana shigowa kasuwa, kowane ganye ya wanku ya yi sheƙi. Sandar zogale in ka soka ta a ƙasa sai ta yi toho. Abin da manomin Katsina yake roƙo da kuka, shi ne mu nan muke gudu muna neman laima.

To, a nan haɗarin yake. Abin da ya yi yawa ido yakan daina ganinsa. Mutum ya shekara ashirin yana bi ta ƙarƙashin kwakwa da ayaba bai taɓa ɗaga kai ya ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci ba. Wanda ya zauna da yamma ya ƙura wa ganyen gwanda ido, ya ga yadda aka yanka gefensa, ya ga yadda ɗigon ruwa yake tsayawa a kansa, har harshensa ya motsa da tasbihi, wannan bai ɓata lokaci ba, karatu ya yi. Ka tuna da gawo na ƙasarmu, wanda yake zubar da ganye da damina sa'ad da kowane itace yake kore, ya yi ganye da rani sa'ad da dabbobi ba su da abin ci. Ka dubi jan furen nan naka na kwalliya, masana tsirrai sun tabbatar dangi ɗaya ne da yakuwa da rama. Ɗaya an ba shi tsami don miya da zoɓo, ɗaya an ba shi ɓawo don igiya, ɗaya ba a ba shi komai ba sai kyau. Wanda ya raba musu aiki bai ɗauki kyau abin banza ba.

FASALI NA UKU

Baƙo kake, ka ce ƙasar ba taka ba,
Wa ke da tasa? Duk a zango mun kwana.

Inuwar da ka sha jiya wani ne ya dasa,
Bai san da kai ba, kai ma ba ka san suna.

Sharhi: Wannan ita ce maganar da ta fi sukar zuciyarka, cewa kai ɗan haya ne, gobe mai gida yana iya cewa ka tashi, ka bar wa wani gwandarka. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. Gaskiya ne. Amma raɓa ma kafin ta tashi takan jiƙa ganyen da ta kwana a kansa.

Ka saurari labarin ƙasar da kake zaune a kanta. A zamanin mulkin Jamus, hukumarsu ta ƙudura ƙwace filayen mutanen Duwala da ke bakin kogi domin ta mai da wurin mazaunin Turawa. Aka tashi mutanen gidan sarautar Bell daga wajen Bonanjo aka tura su baya, aka bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu da unguwar Turawa. Sabon wurin nan shi ne aka kira New Bell. Sarkinsu, Rudolf Duwala Manga Bell, ya tsaya ya ƙi yarda, ya kai ƙara har Jamus. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914 tare da Ngoso Din. To, dubi ikon Allah. Ba a cika wata biyu ba, a ƙarshen Satumba na wannan shekara, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Duwala, zuwa 1916 kuwa mulkin Jamus ya ƙare a Kamaru duka. Daga baya unguwar ta cika da baƙi: Hausawa, da Bamileke, da Basa, da wasunsu, kowa da ɓangarensa. Mai ƙasa an tashe shi, wanda ya tashe shi an kore shi, wanda ya gaje su ma ya tafi. Wane ne a cikinsu ba ɗan haya ba?

Haka kuma a Limbe, wadda a da ake kira Biktoriya, Jamusawa sun kafa lambun gwajin tsirrai a 1892 domin amfanin kasuwancinsu. Masu shi sun tafi fiye da shekara 100, lambun yana nan, jikokin waɗanda suka yi musu ƙwadago suna shan inuwa. Mai dashe yana nufin abu ɗaya, Allah yana nufin wani. Mu ma a ƙasar Hausa, darbejiyar da ta cika titunanmu da mangwaron da ke gonakinmu asalinsu daga wajen Indiya suke. Baƙi ne, wasu suka kawo, wasu suka yi ta ban ruwa da rani, mu muka tarar da inuwa. Ka gaya mini sunan wanda ya dasa itacen da ka yi karatun allo a gindinsa. Ba ka sani ba. Bashi ne a kanka, kuma ba a biyan irin wannan bashi ga wanda ya ba da shi, sai ga wanda zai zo baya.

Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas, Buhari ma ya kawo a cikin Adabul Mufrad, umurnin Annabi ga wanda tashin Alƙiyama ya riska da ɗan dashen dabino a hannunsa, cewa in yana da ikon dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Ka auna wannan da kyau. Dabino yana ɗaukar shekaru kafin ya haihu, ga shi kuwa ba sauran ko yini ɗaya. Ba mai ci, ba mai shan inuwa. Duk da haka aka ce a dasa. Ashe ba a ɗora wa bawa ya tabbatar zai ci ba, aikin aka ɗora masa. In wanda duniya za ta naɗe a gabansa bai sami uzurin barin dashe ba, ina uzurin wanda yake tsoron takardar tashi daga mai gida? Sai dai ladabi shi ne ka nemi izinin mai gidan kafin ka dasa abin da zai yi saiwa mai zurfi, domin ƙasar haƙƙinsa ce. In ya ƙi, gwangwani da bokiti sun ishe ka.

FASALI NA HUƊU

Itacen da ke gidanka in ya yi 'ya'ya,
Reshen da ya haura katanga kar ka hana.

Tsuntsu da yaro har da jemagen dare,
Abin da sun ci na rubuce, an auna.

Sharhi: Ma'auni na biyu bayan kallo shi ne maƙwabci. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. A ruwayar Jabir da ke cikin Muslim har abin da aka sata an lissafa. Wace rumfa ce a Kasuwar Dakar ɓarawo zai ɗauki kaya a rubuta wa mai ita riba nan take, yana barci bai ma sani ba?

A nan zan faɗi laifin kaina, domin kada ka zaci mai sharhi ya kuɓuta. Akwai mangwaro a gidan da na daɗe a ciki, reshensa ɗaya ya leƙa lungu. Wata shekara ya yi 'ya'ya ƙwarai, na riƙa ƙirga su da ido kowace safiya. Ran nan na fito na tarar yaran unguwa sun jefe reshen nan tas, har dutse ya faɗo kan rufi. Na ɗauki sanda na bi su ina faɗa, na faɗi maganar da ba ta dace da furfurata ba. Da na komo zan buɗe littafi in karantar, sai na ji kunya ta rufe ni, domin hadisin nan na Jabir ni na sha karanta wa mutane shi. Na gane cewa na daɗe ina cewa itacen Allah ne da baki, amma a zuciya na rubuta sunana a kan kowane ɗa. Tun daga ranar, in ya nuna nakan sa a kaɗo a cika kwano a ajiye a ƙofar gida. Jifa ta ƙare, kuma ban taɓa jin daɗin mangwaron nan kamar bayan haka ba.

A hukunci, 'ya'yan itace na mai itacen ne ko da reshen ya haura katanga, kuma ba a koya wa yaro ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Baitin yana magana ne a kan kyautatawa, wadda take gaba da hukunci. Abu Ɗalha da aka saukar da ayar Ali Imrana mai kwaɗaitar da ciyarwa daga abin da ake so, Bairuha ya kawo, Annabi kuwa ya ba shi shawara ya sanya shi cikin danginsa, ya raba musu.

Haƙƙin maƙwabci yana da wata fuska kuma, ita ce kada daɗinka ya zama cutarsa. Gidajenmu a New Bell a matse suke, bango na jingine da bango. Malaman fiƙihu sun ce in reshe ya shiga sararin gidan maƙwabci yana cutar da shi, yana da ikon neman a sare. Saiwar da za ta fasa masa bango ko ta toshe lambatu, ganyen da zai cika masa indararo, duk abin dubawa ne a garin da ambaliya take shiga ɗakuna, kamar yadda aka gani a Agustan 2020. Haka ruwan da yake kwanciya cikin gwangwani ko tsohuwar taya, nan sauro yake ƙyanƙyasa, sauro kuwa shi yake kawo zazzaɓin da ke kwantar da 'ya'yanmu. Ka huda gindin kowane gwangwani, ka kifar da abin da ba ka amfani da shi. Furen da ya jawo wa jaririn maƙwabci zazzaɓi ba abin alfahari ba ne ranar hisabi.

FASALI NA BIYAR

Amma idan kallon fure ya kai ka har
Ka manta raka'a nawa, wannan fitina.

Mai gona biyu ya shiga yana taƙama,
Ya wayi gari babu komai a gona.

Sharhi: Yanzu sai mu ba abokinka haƙƙinsa, domin maganarsa ba ta rasa tushe ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ɗalha yana salla a wani lambunsa, sai wani ɗan tsuntsu ya tashi yana kai da kawowa yana neman mafita saboda duhuwar itatuwa. Abin ya ba shi sha'awa, ya bi shi da ido ɗan lokaci, da ya komo ga sallarsa sai ya rasa raka'a nawa ya yi. Ya ce wannan dukiya ta zama masa fitina, ya je wurin Annabi ya ba da ita sadaka. Malik ya kawo irin wannan ga wani mutumin Ansar a zamanin Sayyidina Usman, a wani kwari na Madina da ake kira Ƙuffu. Dabinonsa ya yi nauyi da 'ya'ya, ya kalla, ya ruɗe a salla, ya miƙa lambun ga Halifa, aka sayar da shi 50,000.

Ka lura da abu biyu. Na farko, ba su tumɓuke itatuwan ba, ba su ƙone su ba. Sun fitar da su daga hannunsu zuwa hannun mabukata, itatuwan suka ci gaba da haihuwa. Laifin ba na dabino ba ne, zuciya ce ta karkata, ita suka yi wa magani. Na biyu, abin da suka yi matsayi ne na manya, ba wajibi ba ne a kan kowa. Wanda ya yi rafkanwa a salla sujada biyu ce gyaransa. Amma labarin ya ba mu ma'auni: in an kira salla kana ban ruwa ka ce bari in ƙarasa, in kuɗin cefane ya tafi sayen tukwanen fure a Kasuwar Furanni ta Bonapriso alhali iyali suna bukata, to abin ya fara hawa kanka.

Rami na biyu shi ne taƙama. Suratul Kahfi ta ba da labarin mai gonaki biyu na inabi, kewaye da dabino, ga shuka a tsakani, ga ƙorama. Ba a zarge shi don ya mallaka ba, ba a zarge shi don ya ji daɗi ba. An zarge shi don ya shiga yana ganin ya fi abokinsa, yana zaton abin ba zai ƙare ba, bai jingina ni'imar ga Mai ita ba. Suratul Ƙalam kuma ta ba da labarin masu lambun da suka yi sammako a ɓoye don kada miskini ya shigo musu, suka tarar an riga su. Ɗaya girman kai ya halaka shi, ɗayan rowa. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa wani ya tambayi Annabi ko son tufa mai kyau da takalmi mai kyau girman kai ne, aka amsa masa cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To, in ka dubi ƙofar ɗakinka ka ce ma sha Allahu, ka tsira. In ka dubi ƙofar maƙwabci ka ce dubi ƙazamai, ka zama mai gona biyu ko da gwangwani uku gare ka.

FASALI NA SHIDA

Furen da ya buɗe da hantsi ka gani,
Kafin magariba ya yi yaushi a rana.

Ka so shi so na mai riƙon kayan aro,
Ran da aka karɓa kar ka yi baƙar magana.

Sharhi: Wannan shi ne ma'auni na ƙarshe, kuma shi ne mafi wuya, domin ba a sanin sakamakonsa sai ranar rashi. Jan furen nan naka yini ɗaya yake yi, in ya daɗe biyu, sai ya naɗe ya faɗi. Alƙur'ani ya buga misalin rayuwar duniya da tsiron da ruwa ya fitar, ya ƙayatar, sa'an nan ya yi rawaya ya karmashe, a Suratul Hadid da Suratul Kahfi da wasunsu. Wasu suna karanta wannan su ce ashe kada a kalla. Ni kuwa ina ganin misali ba ya amfanar wanda bai taɓa ganin abin da aka buga misalin da shi ba. Wanda ya yi renon fure da hannunsa, ya ga tohonsa, ya ga buɗewarsa, ya share gawarsa da tsintsiya da safe, shi ya fi kowa fahimtar ayar. Mai lambu yana halartar jana'iza kowace rana ba tare da ya bar gida ba.

Gudun duniya da malamanmu suka koyar aikin zuciya ne. Akan sami matalauci wanda duniya ta cika masa ciki, akan sami mawadaci wanda take hannunsa kawai. 'Yan kasuwa sun san wannan. Da gobara ta ci rumfuna a Kasuwar Kongo a 2019, an ga wanda ya tsaya kan toka yana mayar da al'amari ga Allah, an ga wanda hankalinsa ya nemi gushewa, alhali asararsu iri ɗaya ce. Bambancin yana wurin da kowannensu ya ajiye dukiyar tun kafin wuta ta zo. Gwandarka makaranta ce ƙarama ta wannan babban darasi. Itace ne marar ƙarfi, iskar hadari ɗaya tana iya kwantar da shi. Ranar da ka fito ka tarar da ita a ƙasa, ko ranar da mai gida ya ce ka tashi, ka dubi zuciyarka. Baƙin ciki kaɗan ba laifi, ɗan Adam ne kai. In ka iya cewa Mai abu ya karɓi abinsa, na gode da kwanakin da aka ara mini, sa'an nan ka nemi wani iri ka sake dasawa, to son da ka yi mata tsarkakakke ne tun farko.

Saboda haka amsar tambayarka, ya ɗana, ita ce kada ka tumɓuke. Ka zauna da yamma ka kalla, ka ji daɗi, ka yi godiya. Ka riƙa tambayar kanka abu uku: Kallon nan yana tuna mini da Mai shi ko yana mantar da ni? Maƙwabcina yana samun alherinsa ko cutarsa? In an karɓe yau, me harshena zai faɗa? Abokinka kuwa kada ka riƙe shi a zuciya, tsoron Allah ne ya sa shi magana, ko da ya tsananta. In gwandar ta nuna, ka fara kai masa.

RUFEWA

Ya Rabbi ka sa dashenmu ya zam shaida,
Ka ba mu inuwa mai ɗorewa a Aljanna.

Ya Allah ka gafarta wa waɗanda suka dasa itatuwan da muka sha inuwarsu ba mu san su ba. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu kwanciya a wannan ƙasa ta baƙunci. Ka sa ruwan bana ya zama na albarka, ka tsare mu daga ambaliya da gobara, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan ya gyara, ya kuma sa mu cikin addu'a. Allah shi ne Mafi sani.

Tammat bi hamdillahi.